Labarin Nana Asma'u 'yar Shehu da Haƙurinta a kan Rashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani, ya 'yan'uwa muridai na Falgore da Karaye da Rogo, na ga waɗansunku idan mutuwa ta shiga gidansu suna ɓoye hawayensu don kunya, suna zaton kuka yana warware yarda da ƙaddara. Don haka na rubuta muku labarin Nana Asma'u, Allah ya yarda da ita.

An haife ta a Ɗegel shekara ta 1208 ta Hijira, ita ce 1793 ga lissafin Nasara. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Ubanta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarta Maimuna, ta kuwa rasu tun Asma'u tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta. Ta haddace Alƙur'ani, ta san Larabci da Fillanci da Hausa, ta riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya ta ubanta.

Tana da shekara wajen goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu, a 1804. A shekarar nan aka yi yaƙin Tsuntsuwa, jama'a wajen 2,000 suka yi shahada, cikinsu mahaddata wajen 200. Kana a 1805 aka sha wuya a Alwasa, ga yunwa, ga ciwo. Ta ga wannan duka tun ba ta isa aure ba. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato.

Sa'an nan rashi ya riƙa bin rashi. Shehu ya rasu a 1817. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya bi a 1829. Wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya cika a Wurno a 1837, shi ne kuwa madogararta cikin sha'anin ilmi. Mijinta Giɗaɗo ya rasu a 1851. Bayansa da 'yan shekaru A'isha matar Bello ta tafi, aminiyarta ta tun ƙuruciya.

To, ku duba abin da ta yi. Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba, ba ta kuwa bar shi ya kai ta ga saɓo ba. Sai ta ɗauki alƙalami ta yi musu marsiya, ta ambaci kaɗaicinta da zubar hawayenta a fili, ta lissafa kyawawan halayen mamacin, kana ta mayar da al'amari ga Ubangiji. Cikin marsiyar A'isha ta nuna hawayen tausayi ba zunubi ba ne, abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa. Haka yake, don Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, shi ne kuwa shugaban masu yarda.

Kuma rashi bai tsayar da aikinta ba. Bayan rasuwar Bello ta tsaya ga karantar da matan ƙauyuka, waɗanda ake ce wa 'yan taru. Kowane ayari yana da jaji, dattijuwa amintacciya, Asma'u ta ɗora mata malfa ta naɗa mata jan ƙyalle. Su zo Sakkwato su koyi tauhidi da tsarki da salla cikin waƙa, su koma su koya wa na gida. Haka ta dawwama har Allah ya karɓi ranta a 1280, ita ce 1864. An rufe ta a Hubbare kusa da ubanta.

Ya kai muridi, idan jarrabawa ta same ka, kada ka yi faɗa da zuciyarka don ta ji zafi, Wanda ya halicce ta shi ya sa mata tausayi. Bar ido ya yi nasa, ka tsare harshe daga ƙorafi, ka tsare hannu daga marin fuska da yaga tufa. Kada ka bar wuridinka ko da kana yinsa cikin kuka. Idan ka sami sauƙi, ka tashi ka amfani wani, yadda ta yi. Wannan shi ne haƙuri.

Allah ya ba mu albarkacinta, ya jiƙan mamatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.