Peter Mitchell, masanin da ya gano yadda abinci ke zama ƙarfi

Furar da manomi ke sha kafin ya ɗauki hauya, yaya take zama ƙarfi a jikinsa? Wanda ya warware wannan shi ne Peter Mitchell, ɗan Ingila, haifaffen 1920.

A 1961, yana jami'ar Edinbara, ya bayyana cewa cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wata siririyar fata mai aiki kamar madatsar ruwa. Ƙarfin abinci yana tura ƙananan ƙwayoyi masu lantarki, wato furoton, su taru a gefe guda. In za su komo, sai su bi ta wata ƙofa mai suna ATP synthase. Nan ake ƙera ATP, man da tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi.

Manyan masana suka ƙi yarda. Gyambon ciki ya raba shi da jami'a a 1963, ya koma ƙauye a yankin Konwal, yana kiwon shanun tatsa, yana bincike tare da Jennifer Moyle. Daga baya gwaje-gwaje suka gaskata shi, aka ba shi kyautar Nobel a 1978. Ya mutu a 1992.