Baƙin Shaho, jarumin Sak da Foks

Tun kafin Turawa su shiga Amurka, akwai mutanen da ke zaune a ƙasar. Daga cikinsu akwai ƙabilu biyu abokan juna, Sak da Foks. Babban garin Sak shi ne Sokenuk, bakin kogin Rok, kusa da mahaɗarsa da kogin Misisipi. Nan aka haifi Baƙin Shaho a shekarar 1767.

Mutanen garin manoma ne, kuma mafarauta. Mata ke shuka masara da wake da kabewa. In an gama girbi, sanyi ya kama, sai gari ya tashi zuwa daji farauta. Da bazara su komo da nama da fatu, su ziyarci kaburburan kakanninsu, su sake shuka.

Baƙin Shaho ba sarki ba ne. Jaruntaka ta sa aka san shi, don tun yana ɗan shekara 15 ya fara zuwa yaƙi.

A shekarar 1804, wasu mutane kaɗan na Sak da Foks suka sa hannu a wata takarda a birnin San Luwi. Takardar ta bai wa gwamnatin Amurka duk ƙasarsu da ke gabas da Misisipi, har da Sokenuk. Ba a shawarci jama'a ba. Baƙin Shaho ya ƙi amincewa. A ganinsa ƙasa ba abin sayarwa ba ce.

Sannu-sannu Turawa suka mamaye gonakin garin. A 1831 soja suka tilasta wa mutanen ƙetare kogi zuwa yamma. Can suka rasa abinci. A watan Afrilu 1832, Baƙin Shaho ya komo gabas da mutum wajen 1000, har da mata da yara da tsofaffi. Da ya ga ba mai taimakonsa, sai ya aika manzanni da farar tuta don neman sulhu, amma aka buɗe musu wuta. Yaƙi ya tashi.

Aka yi ta bin su cikin daji, yunwa na cin su. Ranar 2 ga Agusta, soja suka tarar da su bakin Misisipi suna ƙoƙarin ƙetarewa, suka kashe da yawa. Daga baya aka tsare Baƙin Shaho.

Bayan an sake shi a 1833, ya ba wani tafinta labarin rayuwarsa, aka buga littafi. Da haka duniya ta ji maganar daga bakin masu ƙasa. Ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1838 a Ayowa. Har yau akwai Sak da Foks a jihohin Oklahoma, Ayowa da Kansas.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin matan Sokenuk?
2. Don me Baƙin Shaho ya ƙi takardar 1804?
3. Mene ne amfanin littafinsa?