Dick Tiger, Ɗan Damben Da Sau Ɗaya Tak Aka Ƙirga Wa Goma

Masu sha'awar damben Turawa, in hira ta yi hira, sukan yi gardama a kan wanda ya fi kowa jure naushi. Akan ambaci Jake LaMotta na Amurka, wanda sau ɗaya kurum aka taɓa kai shi ƙasa, da George Chuvalo na Kanada, wanda ya kara da Muhammad Ali har sau biyu, kuma bai taɓa faɗuwa ba duk tsawon zamaninsa. A cikin wannan jeri akwai ɗan Nijeriya guda, watau Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da sunan Dick Tiger. Ya yi karawa sama da 80 cikin shekara 18, da yawansu da mutanen da ake tsoron hannunsu, amma sau ɗaya tak alƙali ya ƙirga masa goma yana kwance.

Ya kamata mai karatu ya lura da bambancin wannan dambe da namu na gargajiya. A namu, da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, sai a tashi. A na Turawa kuwa wanda ya faɗi yana da damar miƙewa kafin alƙali ya ƙirga goma, kuma a zamanin Tiger karawar neman kambin duniya turmi 15 ce, kowane turmi minti uku. Saboda haka mutum yakan sha naushi ɗaruruwa a dare guda. Naushin da ya fi sumar da mutum shi ne wanda ya sauka a haɓa ko a muƙamuƙi, domin yakan juya kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, ƙafafu su saki. Mai kaurin wuya, wanda ya iya sunkuyar da haɓarsa a bayan kafaɗa, kuma idonsa ba ya barin hannun abokin karawarsa, shi ne ke daɗewa a tsaye. Tiger ya haɗa duk waɗannan. Gajere ne kakkaura, tsawonsa ƙafa 5 da inci 8, ga wuya kamar na bajimi, ga ƙafafu masu ƙarfi, ba ya kuma shan giya ko taba.

An haife shi ran 14 ga Agusta, 1929, a garin Amaigbo da ke cikin Jihar Imo ta yanzu. Iyayensa manoma ne, mahaifinsa kuwa ya rasu tun yana yaro, don haka bai yi nisa a makaranta ba sai ya tafi Aba neman abinci. A can ya yi ta tsintar kwalabe yana wankewa yana sayarwa a kasuwa, a can kuma ya fara koyon dambe. An ce wani Bature ne ya laƙaba masa sunan Tiger saboda yadda yake zabura yana auka wa abokin karawa kamar damisa. Cikin 1952 ya fara damben kuɗi, bayan shekara uku kuma, cikin 1955, ya shiga jirgin ruwa zuwa Liverpool a Ingila, inda Hogan Bassey da waɗansu 'yan damben Afirka ta Yamma suka riga shi sauka.

Ingila ba ta karɓe shi da daɗi ba. Sanyi ya dame shi, abinci bai karɓe shi ba, da rana yana aiki a masana'antar fenti, da maraice ya tafi horo. Karawarsa huɗu na farko duk cinye shi aka yi da maki. Da wani ne, da ya tattara ya komo gida, amma shi ya zauna, ya sake manaja da mai koyarwa, ya rage zaburar da yake yi ba lissafi, ya koyi tare naushi da mayar da martani nan take. Cikin 1957 aka kai shi Landan domin ya zama matakalar wani saurayi da ake ji da shi, Terry Downes, wanda daga baya ya riƙe kambin duniya. Tiger ya yi masa dukan da sai da aka tsayar da wasan. Ran 27 ga Maris, 1958, ya sumar da Pat McAteer a turmi na tara a Liverpool, ya zama zakaran ƙasashen Daular Ingila a ajin masu matsakaicin nauyi, watau waɗanda ba su wuce laba 160 ba.

Cikin 1959 ya koma New York, a hannun manaja Jersey Jones da mai koyarwa Jimmy August. A nan ma farkon bai yi kyau ba, gama ya yi kunnen doki da Rory Calhoun, sa'an nan Calhoun ya cinye shi a karo na biyu, kuma shi da Joey Giardello kowa ya ci ɗaya. Amma Amurkawa sun fara lura da wani abu game da shi. Duk wanda ya tsaya gaba da gaba da Tiger don a yi musayar naushi, to, shi ne zai ji jiki. Florentino Fernandez na Kyuba, mai hagun da ake gudu, ya gwada haka a Miami cikin Janairun 1962, aka tsayar da wasan hancinsa a karye. Henry Hank na Detroit, shi ma mai nauyin hannu, ya gwada bayan wata biyu, ya sha kashi turmi goma.

Mai riƙe da kambin duniya a lokacin shi ne Gene Fullmer, mutumin Utah, wanda ya taɓa cinye Sugar Ray Robinson, kuma aka san shi da ture mutane da ƙarfin tsiya. Suka haɗu a San Francisco ran 23 ga Oktoba, 1962. Fullmer ya tarar da wanda ba ya turuwa, ya gama turmi 15 fuskarsa duk jini, aka ɗaga hannun Tiger. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya ci kambin duniya, bayan Hogan Bassey wanda ya ci nasa a Faris cikin 1957. Suka sake karawa a Las Vegas cikin Fabrairun 1963, aka yi kunnen doki, kambi ya zauna a hannun Tiger.

Karo na uku a gida aka yi shi, ran 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Badun, wanda yanzu ake kira da sunan Obafemi Awolowo. Wannan ne karo na farko da aka yi damben neman kambin duniya a Afirka ta Yamma, kuma Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi ne suka haɗa kuɗin da aka tabbatar wa 'yan damben. A lokacin Jihar Yamma tana cikin rikicin siyasa, ana kuma shari'ar Cif Awolowo a Ikko, amma a wannan dare jama'ar ƙasa daga kowane sashe bakinsu ɗaya. Tiger ya yi ta dukan Fullmer har ƙarshen turmi na bakwai, mutanensa suka ga babu amfanin ci gaba. Fullmer bai sake yin dambe ba daga ranar. A shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba Tiger lambar girma ta M.B.E.

Sai dai yana da rauni guda, wanda masu wayo suka gane. Ƙafarsa ba ta da sauri, in mutum ya ƙi tsayawa, yana ɗan taɓa shi yana kewayawa, yakan wahala wajen kama shi. Da wannan dabara Giardello ya ƙwace kambin a Atlantic City ran 7 ga Disamba, 1963. Giardello ya yi alkawarin sake karawa, amma ya yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu. Cikin wannan jira ne, a watan Mayun 1965, Tiger ya gamu da Rubin Carter, wanda ake yi wa laƙabi da guguwa saboda yadda yake sumar da mutane tun a turmin farko. Tiger ya kai shi ƙasa sau uku, ya cinye shi da maki masu yawa. Ran 21 ga Oktoba na wannan shekara ya karɓe kambinsa daga hannun Giardello a zauren Madison Square Garden, yana da shekara 36. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara sau biyu, 1962 da 1965.

Har zuwa wannan lokaci, bayan karawa kimanin 70, babu wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Abin mamaki, wanda ya fara yin haka ba ƙato ba ne. Emile Griffith ne, wanda ya hauro daga ajin da ke ƙasa, kuma Tiger ya fi shi nauyi da kusan laba 10. Ran 25 ga Afrilu, 1966, a turmi na tara, wani gajeren naushi ya sa shi ya durƙusa, ya miƙe nan da nan, ya gama turmi 15 yana bin Griffith. Alƙalai suka ba Griffith, ko da yake yawancin 'yan jaridar da ke bakin dandalin sun ga Tiger ne ya ci.

Mutane suka ɗauka ya ƙare ke nan. Maimakon haka sai ya haura ajin da ke sama, na masu laba 175, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ran 16 ga Disamba, 1966, ya cinye José Torres, ya ɗauki kambin duniya na wannan aji yana da shekara 37. Tun bayan Bob Fitzsimmons cikin 1903 ba a sami wanda ya ci kambin waɗannan azuzuwa biyu ba sai shi. Da ya sake cinye Torres cikin Mayun 1967, magoya bayan Torres suka fusata, suka yi ta jifa da kwalabe da kujeru a cikin zauren.

Ana cikin haka al'amura suka lalace a gida. Juyin mulki biyu na 1966, da kashe-kashen da suka ci rayukan 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a Arewa, suka kai ga ɓallewar Jihar Gabas da ɓarkewar yaƙin basasa cikin Yulin 1967. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, bai kuwa ɓoye ba. An ba shi muƙamin laftana, ya riƙa koya wa sababbin sojoji motsa jiki, a Amurka kuma ya nemi a riƙa gabatar da shi a dandali a matsayin ɗan Biyafara. Dukiyar da ya tara da ƙyar, domin mutum ne mai tsimi wanda aka sani da hawan jirgin ƙasa na talakawa a New York alhali yana zakaran duniya, yawancinta ya zuba ta ne a gidaje da kantuna a Ikko da Gabas, yaƙi kuwa ya raba shi da su. Abin da yake samu a dambe ya koma tafiya wajen iyalinsa da taimakon waɗanda yunwa ta kama.

A wannan hali ne ya yarda ya kara da Bob Foster, wanda sauran zakaru suke kauce wa, bisa alkawarin dala 100,000. Foster dogo ne, ƙafa 6 da inci 3, ya girme shi a tsawo da inci bakwai, ya kuma fi shi ƙuruciya da wajen shekara goma, ga shi ana lissafa shi cikin mafiya ƙarfin hannu da aka taɓa yi a wannan aji. Ran 24 ga Mayu, 1968, a turmi na huɗu, Foster ya sakar masa hagu a muƙamuƙi, Tiger ya faɗi rigingine. Ya yunƙura zai tashi, jiki ya ƙi, alƙali ya cika goma.

Sau da yawa ɗan damben da aka yi wa irin wannan suma ba ya sake zama daidai, ko ɗan naushi kaɗan sai ya zube. Bayan wata biyar Tiger ya koma zauren da aka sumar da shi, ya fuskanci Frankie DePaula, wani mai hannu kamar guduma. DePaula ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na biyu, duk ya tashi. A turmi na uku shi kuma ya kai DePaula ƙasa sau biyu, ya ci gaba da dukansa har turmi na goma, ya ci da maki. The Ring ta ce wannan ce karawar da ta fi kowace a 1968. Cikin Mayun 1969, yana gab da cika shekara 40, ya cinye Nino Benvenuti na Italiya, wanda ke riƙe da kambin masu matsakaicin nauyi a lokacin, sai dai ba a sa kambin a wasan ba. A ƙarshen wannan shekara ya mayar wa ofishin jakadancin Ingila da ke Washington lambarsa ta M.B.E., saboda makaman da Ingila take ba Gwamnatin Tarayya.

Yaƙi ya ƙare cikin Janairun 1970. Karawarsa ta ƙarshe da Griffith ya yi ta, ran 15 ga Yuli na wannan shekara, aka cinye shi da maki, kowa ya ga ƙarfi ya tafi. Da manyan wasanni suka daina samuwa, sai ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Yana wannan aiki ne ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, likitoci suka duba suka tarar sankarar hanta ce, ta kuwa riga ta yi nisa.

Ko da yake gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi afuwa ga waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara, Tiger ya yi shakkar komowa, saboda maganganun da ya yi a waje da batun lambar nan. Da ya ga kwana ya ƙare, sai ya nemi tabbacin cewa ba za a taɓa shi ba, ya sauka Ikko cikin Yulin 1971. Jami'an tsaro suka yi masa tambayoyi, suka karɓe fasfonsa, suka bar shi ya wuce gida. Ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42, aka kai shi Amaigbo aka binne, jama'a masu ɗimbin yawa suka raka shi. Bayan shekara 20, cikin 1991, aka shigar da sunansa a zauren tunawa da manyan 'yan damben duniya da ke Canastota a Jihar New York.