Marigayi Francis Bebey: Ɗan Duwala Da Ya Shekara 18 Yana Koyon Jita

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke sauka a New Bell ko suke saro kaya a Nkololoun sun sha jin waƙar Agatha a rediyo, amma kaɗan ne suka san tarihin mai ita. Shi ne marigayi Francis Bebey, haifaffen Duwala, wanda ya kai sunan Kamaru manyan zaurukan kiɗa na duniya da jitarsa.

An haife shi ranar 15 ga watan Yuli na shekarar 1929. Mahaifinsa fasto ne, gidan kuma na masu ƙaramin ƙarfi ne, don haka waƙoƙin coci ne ya fara buɗe kunne da su. A wancan zamani turawan mishan na kallon kiɗan gargajiya a matsayin aikin shaiɗan, amma hakan bai hana yaron sauraron wani dattijo maƙwabcinsu mai suna Eya Mouessé ba, wanda yakan kaɗa kayan kiɗan kakanni da daddare.

Abin kiɗansa na farko shi ne banjo, wanda ya yi kama da garaya, kyauta daga yayansa Marcel. Sai a shekarar 1947, yana ɗan shekara 18, ya koma ga jita. Duk wanda ya taɓa riƙa ta ya san wuyar farko: tsirkiya shida ce, yatsu sai sun yi ciwo sun yi kanta kafin sauti ya fita tas, kuma a nan ne akasarin masu koyo suke ajiye ta.

A farkon shekarun 1950 ya tafi Faransa karatu, inda ya karanta Turanci kuma ya koyi aikin rediyo. A can ne ya ji kiɗan Andrés Segovia, gwanin jita ɗan ƙasar Sifen, wanda yake kaɗa ta shi kaɗai ba mawaƙi ba 'yan amshi, babban yatsa na riƙe da ƙasan kiɗa, sauran yatsun na fitar da karin. Wannan salo ne Bebey ya duƙufa a kansa. Sai dai da hannunsa ya faɗa bai tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, ya waiwayi kiɗan da ya ji yana yaro, ya riƙa sa jita tana magana da harshen gida.

Duk wannan yana yi ne a gefen aikin albashi, domin daga shekarar 1961 ma'aikaci ne a hukumar UNESCO da ke Paris. Faifansa na farko, na jita zalla, bai fito ba sai a 1965, wato shekara 18 cif bayan ya fara taɓa ta. Bai tsaya nan ba, ya rubuta littafin Le Fils d'Agatha Moudio a 1967, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1968.

A shekarar 1974, yana da shekara 45 ga kuma iyali, ya ajiye aikin UNESCO ya rungumi kiɗa kaɗai. Kasada ce babba, amma bai yi ta ba sai da ya tabbatar da abin da ke hannunsa. Ya mai da wani ɗaki na gidansa wurin ɗaukar sauti, ya kafa kamfaninsa mai suna Ozileka, yana fitar da faifansa da kansa. Daga baya ya ƙara da sanza, wato ɗan akwati mai siraran ƙarafa da ake kaɗawa da manyan yatsu, da kuma sarewar mutanen kurmi. Ya yi wasa a ƙasashe masu yawa, har da zauren Carnegie na birnin New York a Amurka.

Ya rasu a Paris ranar 28 ga watan Mayu na 2001, yana da shekara 71.

Ɗan kasuwa ba baƙon wannan hanya ba ne, domin ya san shekarun da yaron shago yake yi yana ɗaurin kaya da koyon lissafi kafin maigida ya sallame shi. To, idan kuna da yaro a gida da ya sayi jita wata uku ya fara cewa ba ta karɓe shi ba, ku ba shi labarin Bebey. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.