Han van Meegeren: mai zanen da ya damfari masana da na hannun daman Hitler

A ranar 29 ga Mayu 1945, jim kaɗan bayan Jamus ta sha kaye, hukumomin Holan suka kama wani mai zane a birnin Amsterdam, Han van Meegeren. Zargin da ake masa na iya kai mutum ga hukuncin kisa: an ce ya sayar wa Hermann Göring, na hannun daman Hitler, zanen Johannes Vermeer, wato ya miƙa wa maƙiyi dukiyar ƙasa. Bayan makonni a tsare, sai ya fito da hujja mai ban mamaki. Ya ce zanen ba na Vermeer ba ne, shi ya zana shi da hannunsa.

An haife shi a garin Deventer ranar 10 ga Oktoba 1889. Mahaifinsa malamin makaranta ne da bai so ɗansa ya zama mai zane ba, don haka aka tura shi Delft, garin Vermeer, ya karanta zanen gine-gine. Bai gama ba, ya koma ga fenti. Ya yi suna, har zanensa na 'yar barewa ya shiga gidaje da yawa, amma masu sharhi suka ce aikinsa tsohon yayi ne, kwaikwayo kawai ya iya. Wannan magana ta tsaya masa a rai.

A 1932 ya koma Roquebrune, a kudancin Faransa, ya duƙufa kan matsala guda. Fentin mai yana ɗaukar shekaru da dama kafin ya ƙanƙare, saboda haka sabon zane ba ya wuyar ganewa. Sai ya riƙa sayen tsofaffin zane-zane na ƙarni na 17 marasa tsada, ya kankare fentinsu, ya yi aiki a kan tsohon ƙyallen. Ya haɗa launuka irin na zamanin Vermeer, ya gauraya su da Bakelite, wani nau'in roba na masana'anta, ya gasa zanen a tanderu har ya yi tauri. Daga nan ya naɗe shi don fentin ya tsattsage, ya cika tsagogin da baƙar tawada su yi kama da dauɗar ƙarnuka.

A 1937 ya fito da zanen Annabi Isa yana cin abinci da almajirai biyu a Emmaus. Abraham Bredius, dattijon da ake ji da shi a sanin zanen Holan, ya duba, ya tabbatar na Vermeer ne, har ya ɗauke shi a matsayin mafi kyawun aikinsa. Aka saya a kan gilda 520,000, aka rataye a gidan adana kayan tarihi na Boijmans da ke Rotterdam. Wanda ya kalli zanen a yau zai yi mamaki, domin fuskokin ba su yi kama da na Vermeer ba. To amma zane-zanen Vermeer da aka sani ba su wuce 35 ko makamancin haka ba, kuma masana sun daɗe suna hasashen akwai wasu na addini da suka ɓace. Abin da suke nema ya kawo musu.

Kuɗi suka shigo, ya sayi gidaje fiye da 50, shaye-shaye ya ƙaru, aikin kuma ya lalace. Duk da haka a 1943 Göring ya bayar da zane-zane 137 don ya mallaki ɗaya daga cikin jabun.

Don a gaskata shi, van Meegeren ya sake zana wani a tsare, a gaban shaidu, cikin 1945. Kwamitin masana ƙarƙashin Paul Coremans ya gano Bakelite a cikin fentin. Aka janye zargin haɗa baki da maƙiyi, jama'a suka mai da shi gwarzon da ya yi wa Göring wayo. Sai dai bai cancanci wannan yabo ba. Yawancin waɗanda ya cuta 'yan ƙasarsa ne, har da gwamnatin Holan, kuma an tsinci littafin zane-zanensa na 1942 a fadar Hitler da ke Berlin, ɗauke da rubutun sadaukarwa ga Hitler, ko da yake ya musanta cewa shi ya rubuta.

Ranar 12 ga Nuwamba 1947 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya kan jabu da damfara. Bai fara zaman kason ba, ciwon zuciya ya kashe shi ranar 30 ga Disamba, yana da shekara 58.