Marie Curie, malamar da takardunta ke fitar da tiriri har yau

A babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, a birnin Paris, akwai littattafan rubutu da ake ajiyewa cikin akwatunan dalma. Na Marie Curie ne. Ta rasu tun 1934, amma har yanzu takardun da ta riƙa taɓawa suna fitar da tiririn da ido ba ya gani.

An haife ta a Warsaw ta ƙasar Poland ranar 7 ga Nuwamba 1867, lokacin da Rasha ke mulkin birnin kuma jami'a ba ta karɓar mata. Sai ta tafi Paris a 1891, ta yi karatu a Sorbonne cikin talauci, ta auri Pierre Curie a 1895.

A 1896 Henri Becquerel ya lura cewa uraniyom yana fitar da wani irin haske da kansa, ba tare da rana ko wuta ba. Marie ta zauna tana aunawa. Ta gano cewa ƙarfin tiririn ya danganta da yawan uraniyom kawai, ko a jiƙe yake ko a bushe, ko da me aka gauraya shi. Ke nan abin daga cikin ƙwayar zarra yake fitowa. A ganina wannan ya fi duk lambobin yabonta nauyi, domin kafin nan ana ɗauka zarra ba ta canzawa. Yau mun san cewa tsakiyar wasu ƙwayoyin ba ta da natsuwa: tana farfashewa, ta harba tiriri, ta rikiɗe wani sinadari. Tiririn kuma yana fizge elektron daga abin da ya ratsa, har da ƙwayoyin jikin mutum, ya lalata su.

A 1898 ita da mijinta suka gano poloniyom da radiyom. Shekara huɗu tana dama tan-tan na dutsen pechblende a wata rumfa mai yoyo kafin ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram ɗin gishirin radiyom. Ta samu kyautar Nobel a 1903, ta sake samu a 1911, bayan keken doki ya take Pierre a 1906.

Ba safar kariya, ba shinge. Har cikin aljihu take sa kwalaben radiyom. A yaƙin duniya na farko ma ta yi aiki da motocin ɗaukar hoton ƙashi kusa da fagen daga. Daga bisani ɓargonta ya daina samar da jini yadda ya kamata, ta cika ranar 4 ga Yuli 1934.

Radiyom na buƙatar kimanin shekara 1600 kafin rabinsa ya farfashe, shi ya sa takardunta ba su huce ba. Shi ne kuma yake saura cikin tulin ƙasar da aka tace uraniyom a Arlit da Akokan, inda yake sakin iskar radon.