Adi Ba: Bafulatanin Gini da wani ƙauyen Faransa ya ɓoye wa sojojin Hitila

Ranar 18 ga Disamba, 1943, sojojin Jamus suka fito da wasu fursunoni biyu daga kurkukun garin Épinal da ke gabashin Faransa, suka kai su wani tudu da ke bayan gari suka harbe. Ɗaya Bafaranshe ne mai gyaran famfo, sunansa Marcel Arburger. Ɗayan kuwa Bafulatani ne daga ƙasar Gini, Musulmi, wanda bai cika shekara 30 a duniya ba. Sunansa na yanka Mamadu Hadi Bah, amma mutanen yankin sun fi saninsa da Adi Ba. Su kuwa Jamusawa, laƙabin da suka ba shi shi ne baƙin ɗan ta'adda.

An haife shi a 1916 a yankin Mamu, cikin tsaunukan Futa Jallon, lokacin Gini tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Yana saurayi ya samu aikin kuku a gidan wani Bature mai karɓar haraji, kuma da maigidan ya tashi komawa gida gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya tafi da shi. Sun sauka a Langeais, wani ɗan ƙaramin gari a bakin kogin Loire. Kimanin shekara guda ya yi a nan kafin ya wuce Paris, inda ya riƙa zuwa babban masallacin birnin. Shi kansa wannan masallaci an buɗe shi ne a 1926 don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Da aka fara yaƙi a 1939, Adi Ba ya kai kansa aikin soja, ba kama shi aka yi ba. Aka sa shi a runduna ta 12 ta dakarun da Faransawa ke kira sojojin Senegal. Sunan yana ruɗarwa, domin ba 'yan Senegal kaɗai ba ne. Tun da aka kafa rundunar a 1857, ta ci gaba da faɗaɗa har ta haɗa samari daga Mali da Gini da Burkina Faso da Benin da Nijar, waɗanda yawancinsu aka ɗebo ta hannun sarakuna da masu gari, ko suna so ko ba sa so.

A watan Mayun 1940 Jamus ta auka wa Faransa, cikin mako shida kuma ta durƙusar da ita. Rundunar su Adi Ba ta gwabza a yankin Ardennes da bakin kogin Meuse, tana ja da baya tana faɗa, har aka ritsa da ita a ƙauyen Harréville a tsakiyar watan Yuni. A nan aka kama shi. Kamu a hannun sojojin Hitila ba abu ɗaya ba ne ga fari da baƙi. A cikin makon nan, a Chasselay kusa da birnin Lyon, Jamusawa suka ware baƙaƙen sojoji daga cikin Turawa bayan sun ajiye makamai, suka kora su fili suka buɗe musu wuta. Waɗanda suka tsira daga irin wannan, yawancinsu ba a bar su a tsare a Jamus kamar sauran fursunoni ba, saboda gwamnatin Nazi ba ta son baƙar fata a ƙasarta. A cikin Faransa aka tsare su.

Adi Ba bai daɗe a tsare ba. Ya sulale daga inda aka ajiye su a Neufchâteau tare da wasu 'yan uwansa, suka faɗa dajin da ke kusa da Saint-Ouen-lès-Parey.

Ƙauyen da ya riƙe bakinsa

Sai mutum ya san yanayin wurin zai gane irin halin da suka shiga. Yankin Vosges wuri ne na tuddai da dazuzzuka masu duhu, kuma sanyinsa na hunturu yana kashe mutum idan ba shi da wurin fakewa. Ga samari 'yan Afirka ta Yamma, wasu da raunin harsashi, babu abinci, babu takarda, kuma fatar jikinsu kaɗai ta isa ta tona musu asiri daga nesa. Mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin ne suka riƙa kai musu abinci da tufafi a ɓoye, suna yi musu jinya. Adi Ba ya fi sauran jin Faransanci saboda zaman da ya yi a Langeais da Paris, don haka shi ya zama mai shiga tsakani. Da taimakon mutanen wurin, ya shirya yadda kimanin sojojin Afirka 40 suka tsallaka zuwa Suwizalan, wadda ba ta cikin yaƙin.

Da ya so, da ya bi su. Bai bi ba.

Ya koma Tollaincourt, wani ƙauyen manoma kusa da Lamarche, wanda ko a yau mutanensa ba su kai 200 ba. Magajin garin, Louis Dormoy, ya ba shi ɗaki, aka kuma nuna wa hukuma cewa ɗan ƙwadago ne mai aikin gona. Sama da shekara biyu ya yi a nan.

A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a cikin tarihinsa. Bayahude ko ɗan kwaminis da ke gudun Jamusawa yana iya canza suna, ya sayi takardar bogi, ya saje da jama'a. Adi Ba ba shi da wannan damar. Shi kaɗai ne baƙar fata a ƙauyen, kuma ba a cikin rumbu ya ɓuya ba. Yana fita, yana hawa kekensa daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana shiga gidaje, yara suna binsa. Ma'ana, ba gida ɗaya ne ya rufa masa asiri ba, gari ne gaba ɗaya: manomi da matarsa, malamin makaranta, mai kanti, har da yaran da ba a san su da riƙe magana ba. Kuma wannan a lokacin da wasiƙa ɗaya marar sa hannu zuwa ofishin Jamusawa ta isa ta sa a kwashe mutum, ga shi ana raba abinci da kati, kowa yana fama da bakin iyalinsa. Wanda aka kama yana ɓoye fursunan da ya tsere, kurkuku ne ko a tura shi sansanin gwale-gwale.

Shi ma bai zauna a matsayin abin tausayi ba. Gajere ne, amma waɗanda suka zauna da shi sun tuna shi a matsayin mutum mai kwarjini da iya ba da umarni, har ana kiransa da muƙamin da ya fi wanda ke takardarsa ta soja. Bai bar addininsa ba a tsakiyar ƙauyen Katolika inda naman alade da giya ke kan kowane teburi. Alƙur'aninsa yana tare da shi, kuma wannan Alƙur'ani ya zauna a hannun wani iyali na ƙauyen shekaru da dama bayan rasuwarsa.

Sansanin cikin daji

Tun a 1940 ya haɗu da masu shirya turjiya a ɓoye a yankin, musamman Marcel Arburger na Lamarche da wani malamin makaranta, Georges Froitier. Da fari aikin bai wuce kai saƙo, tattara bayanai da raka masu gudu zuwa kan iyaka ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne dokar da gwamnatin Vichy, mai yi wa Jamus biyayya, ta kafa ranar 16 ga Fabrairu, 1943. Dokar ta tilasta wa samarin da aka haifa daga 1920 zuwa 1922 tafiya Jamus aikin shekara biyu a masana'antu, domin Jamusawa sun kwashe nasu mazan zuwa fagen daga. Samari da yawa suka ƙi, suka bar gida, kuma dole a samar musu inda za su fake. A watan Maris na shekarar, Adi Ba da Arburger suka kafa sansani a dajin da ke tsakanin Martigny-les-Bains da Robécourt, suka sa masa suna Délivrance, wato kuɓuta. Shi ne irinsa na farko a duk yankin Vosges, kuma ya tara samari kimanin 80 zuwa sama.

Kada mai karatu ya ɗauka wata runduna ce mai manyan bindigogi. Makamansu kaɗan ne ƙwarai. Babban yaƙin da ake yi kullum shi ne na ciki: yadda za a samo burodi da dankali da nama na mutum 80 ba tare da kowa ya lura ba, da yadda za a hana samari 'yan shekara 20 gajiya su sulale gida ganin iyaye ko budurwa. Wannan nauyi a kan Adi Ba ya fi faɗawa. Tsohon kuku ya koma mai ciyar da 'ya'yan mutanen da suka ciyar da shi a 1940, yana bi gona-gona yana karɓo abin da aka tara. Ga abin mamaki kuma: ɗan ƙasar da Faransa ta mallaka, wanda dokarta ba ta ɗauke shi cikakken ɗan ƙasa ba, shi ne ke ba 'ya'yan Faransawa umarni.

A watan Yulin 1943 asirin sansanin ya tonu, Jamusawa suka nufo shi, samarin suka watse. Neman Adi Ba bai yi musu wuya ba, tunda babu mai kama da shi a yankin. Da suka zo kama shi ya yi yunƙurin gudu, suka harbe shi a ƙafa, aka tafi da shi Épinal.

An azabtar da shi ƙwarai a tsare. Ya san gidajen da suka ba da abinci, ya san waɗanda suka raka masu gudu, ya san iyayen samarin da ke daji. Da ya buɗe baki, da ƙauyuka da dama sun yi makoki. Bai ambaci sunan kowa ba. Ranar 3 ga Disamba kotun sojan Jamus ta yanke musu hukuncin kisa shi da Arburger, aka zartar bayan mako biyu.

Bayan yaƙi, Faransa ta rarraba lambobin yabo ga waɗanda suka yi turjiya, amma sunan Adi Ba bai fito ba. Wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya san yadda aka yi da sauran. A Disamban 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da suka nemi a biya su haƙƙinsu. Daga 1959 kuma aka daskarar da fanshon 'yan mazan jiya na ƙasashen da suka samu 'yanci, ciki har da Nijar, har suka riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na abokan yaƙinsu Turawa.

Tsofaffin Tollaincourt da ƙauyukan kewaye ne suka riƙe labarinsa a baki. Daga baya wani tsohon hafsan rundunar sojojin Afirka, Kanar Maurice Rives, ya ɗauki maganar ya yi ta bibiyar hukuma shekara da shekaru. Sai a watan Yulin 2003, shekara 60 bayan kashe shi, aka ba shi lambar yabo ta turjiya, aka miƙa ta ga danginsa da suka zo daga Gini. Wani ɗan jarida mai tushe a Tollaincourt, Étienne Guillermond, wanda ya tarar da Alƙur'anin nan a cikin kayan gidansu, ya bi diddigin rayuwarsa ya wallafa littafi a 2013. Marubucin nan ɗan Gini, Tierno Monénembo, ya gina ƙagaggen labari a kansa a 2012, aka kuma yi fim mai suna Nos patriotes a 2017.

A yau akwai titi mai sunansa a Tollaincourt, akwai wani a Langeais inda ya fara sauka yana kuku. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta garin Colmar, a ɓangaren Musulmi.